Shari'ar da Ba a Kai ga Hukuncinta Ba: Yadda Aka Auna Wani Wasa da Bai Kammala Ba a Gasar Masoya Ace Attorney

Asalin lamarin

A shekarar 2001 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna Gyakuten Saiban a na'urar Game Boy Advance, wanda Shu Takumi ya tsara ya kuma rubuta labarinsa. A 2005 aka sake fitar da shi a na'urar Nintendo DS har da fassarar Ingilishi, aka sa masa suna Phoenix Wright: Ace Attorney, aka kuma mayar da labarin daga Japan zuwa Amurka. Mai buga wasan yana matsayin lauyan da ke kare wanda ake tuhuma da kisan kai, kuma aikinsa kashi biyu ne. Da farko yana zagaya wurin da abin ya faru, yana tattara hujjoji yana yi wa mutane tambayoyi. Daga nan sai a shiga kotu, inda shaida zai yi bayani jimla bayan jimla, shi kuma lauya yana da zaɓi biyu a kan kowace jimla: ko dai ya matsa wa shaidan ya ƙara bayani, ko kuma ya ɗaga wata hujja da ta ci karo da abin da aka faɗa. Idan ya ɗaga hujjar da ba ta dace ba, alƙali zai hukunta shi, idan kuskuren ya yi yawa kuma sai a yanke wa wanda yake karewa hukunci, wasa ya ƙare. A duniyar wasan ba a yarda shari'a ta wuce kwana uku ba, kuma an ɗauko yanayin kotun daga tsarin Japan, inda fiye da kashi 99 cikin ɗari na shari'o'in laifi da suka kai gaban alƙali suke ƙarewa da samun wanda ake tuhuma da laifi.

Masoya wasan ba su tsaya ga bugawa kaɗai ba. Sun ƙirƙiro manhajojin da kowa zai iya rubuta tasa shari'ar da su, daga ciki akwai Ace Attorney Online da ake aiki da ita a intanet ba tare da an sauke komai ba, da kuma PyWright da aka gina da harshen kwamfuta na Python. Aiki ne na sa kai, ba a sayar da shi, kuma mutum ɗaya ne yawanci yake rubuta labarin, ya jera hotuna da kiɗa, ya kuma ɗaura kowace hujja da jimlar da za ta karya. Wannan nauyin ne ya sa shari'o'i da yawa suke tsayawa a rabin hanya.

Gasar da abin da aka shigar

Gasar da ake magana a kanta ƙarama ce, wasu masoya wasan ne suka shirya ta a tsakaninsu, kuma ina ɗaya daga cikin alƙalanta uku. An ba masu shiga wa'adin wata uku, an kuma ba su jigo guda: shaidan da ya faɗi gaskiya amma gaskiyar tasa ta ɓatar da kotu. An raba maki 100 gida huɗu: 40 na ƙullin labari da warwararsa, 30 na tsarin tambayoyin kotu da hujjoji, 20 na rubutu da halayen mutanen ciki, 10 na tsabtar aiki, wato hotuna da kiɗa da rashin kurakuran na'ura. Ƙa'idar gasar ta ce ana karɓar wasan da bai kammala ba matuƙar akwai ɓangaren da za a iya bugawa, amma ba ta faɗi yadda za a auna shi ba.

Ranar da wa'adi ya cika wasanni bakwai suka shigo. Biyar sun kammala. Ɗaya gabatarwa ce ta minti ashirin da ba ta ko shiga kotu ba, don haka ba ta ba mu wahala ba. Na bakwai shi ne ya zama matsala, domin ya fi kowanne tsawo, yana cin kusan awa huɗu, amma yana tsayawa a tsakiyar zaman kotu na biyu. Marubucin ya haɗo da gajeren saƙo yana cewa rashin lafiya a gida ta cinye masa makonni uku na ƙarshe, kuma a ƙiyasinsa ya gama kashi 60 cikin ɗari na aikin.

Mako na farko: bugawar farko

Labarin ya faru ne a ɗakin karatu na wata jami'a. An tsinci gawar shugaban ɗakin karatun da safe a bayan teburin ba da littattafai, da wani tsohon littafi a ƙarƙashin hannunsa. Wanda ake tuhuma ɗalibi ne da ke aikin wucin gadi a wurin. Babban shaidan mai gabatar da ƙara shi ne maigadin dare, wanda ya ce da ƙarfe tara da rabi ya ga mutum ya fito ta ƙofar baya da laimar ɗalibin a buɗe, kuma ya gane laimar saboda wani faci ja da ke jikinta. Da aka matsa masa sai ya ƙara da cewa laimar a jiƙe take, har tana ɗigar ruwa. A cikin hujjojin da mai wasa ya tara akwai rahoton yanayi da ya nuna ruwan sama bai sauko ba sai ƙarfe goma. Da an ɗaga wannan rahoto sai kiɗa ya sauya, maigadi ya rikice, alƙali ya yarda cewa akwai shakku a kan lokacin da ya faɗa, aka ɗage zama zuwa washegari.

Mu ukun duka mun yaba da wannan wurin, domin marubucin bai nuna wa mai wasa hujjar da yatsa ba, amma duk wanda ya karanta abin da ke jakarsa zai gano ta. Binciken rana ta biyu ma ya tafi daidai. A nan mai wasa yake haɗuwa da mataimakiyar shugaban ɗakin karatun, wadda ta ce ta tashi aiki ƙarfe takwas ba ta koma ba, da kuma mai shara da ta yi ƙorafin cewa ta goge banɗakin ma'aikata tas da ƙarfe takwas amma da safe ta tarar da ruwa a ƙasa.

Matsaloli biyu na aiki sun bayyana. A shaidar maigadi ta biyu ya ce ƙofar baya a buɗe take duk daren. Hujjoji biyu ne suke ƙaryata wannan, wato littafin rajistar makullai da hoton da 'yan sanda suka ɗauka, amma wasan hoton kaɗai yake karɓa, wanda ya ɗaga rajistar kuwa sai a cire masa kashi ɗaya cikin biyar na damarsa. Ɗaya daga cikin alƙalan gasar ta sha kaye a shari'ar sau biyu a wannan wurin, alhali tunaninta daidai ne. Ta biyu ita ce wata jimla a shaidar mai shara wadda idan aka matsa ta sai wasan ya koma farkon shaidar ba tare da ya nuna amsa ba. Bayan wannan, mataimakiyar ta hau wurin shaida, ta yi jimla huɗu, allo ya yi baƙi, aka rubuta cewa za a ci gaba.

Mako na biyu: hanyoyi biyu da aka gwada suka gaza

Hanyar farko ta lissafi ce. Ɗayanmu ya kawo shawarar a ba wasan makin da ya cancanta bisa abin da aka gani, sannan a ɗauki kashi 60 cikin ɗari na makin, tun da iya abin da aka gama ke nan. A lissafinsa wasan ya ci 85, ya koma 51, wanda zai sa shi na shida cikin bakwai. Mun yi kwana biyu a kan wannan kafin mu bar shi, saboda dalilai uku. Adadin 60 ɗin daga bakin marubucin ya fito, ba mu da hanyar tabbatar da shi, kuma da ya ce 80 da makinsa ya ƙaru ba tare da ya ƙara ko harafi ɗaya ba. Sannan ingancin rubutu da halayen mutane ba abu ne da ake rabawa da tsawo ba, domin awa huɗu na kyakkyawar zance sun isa a san hannun marubuci. Na uku kuma, hanyar za ta sa wasa mai awa huɗu ya faɗo ƙasa da wani kammalallen wasa na minti arba'in da dukanmu muka yarda cewa ƙullinsa bai riƙe ruwa ba.

Hanya ta biyu ita ce kowannenmu ya auna wasan bisa inda yake ganin labarin ya dosa. Da muka haɗa makin sai ga 88 da 74 da 58. Da aka bincika dalili sai ta bayyana cewa labarai uku daban muka auna. Wanda ya ba da 88 ya ɗauka mataimakiyar ce ta yi kisan, kuma ya gina wa kansa wata warwara mai kyau wadda marubucin bai taɓa rubutawa ba. Ni na ba da 74, ni ma ina zargin mataimakiyar, amma ina ganin batun laimar an gama da shi tun rana ta farko, don haka jigon gasar bai fito ba. Wadda ta ba da 58 ta ɗauka maigadin ne mai laifin, tana ganin an tona asirin da wuri. Tazarar maki 30 tsakanin mutane uku da suka buga abu ɗaya ta nuna cewa ba aikin marubucin muke aunawa ba, hasashenmu muke ba maki.

Mako na uku: neman takardar warwara

Mafitar ta fito ne daga wata tsohuwar ƙa'ida ta marubuta labaran bincike. A 1929 wani malamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera dokoki goma na irin wannan rubutu, kuma ɗaya daga cikinsu tana cewa bai halatta mai bincike ya samu wata alama ba tare da an nuna wa mai karatu ita nan take ba. Ma'anar ita ce adalcin labarin bincike ba a shafin ƙarshe yake ba, yana cikin abin da aka shimfiɗa tun kafin a kai can. Idan haka ne, ana iya gwada adalcin labarin da bai ƙare ba, muddin an san inda marubucin ya nufa.

Muka rubuta wa marubucin muka nemi takarda da ba ta wuce shafi biyu ba, cikin awa 48, da sharaɗin ba zai taɓa wasan ba. Takardar za ta amsa tambayoyi huɗu: wa ya yi kisan, ta yaya, saboda me, kuma wace alama ce a cikin ɓangaren da aka riga aka miƙa take nuna kowane mataki. Mun gajarta lokacin da gangan domin kada ya zauna ya ƙirƙiro sabuwar warwara da za ta dace da abin da ya riga ya rubuta. Kafin takardar ta iso, kowane alƙali ya rubuta hasashensa da jerin alamun da ya lura da su ya ajiye. Domin kada a ce an fifita mutum ɗaya, mun sanar da sauran masu gasar abin da muka yi, muka kuma yi wa wasanni biyar da suka kammala irin wannan gwajin, wato muka jera alamun da warwararsu ta dogara a kai muka duba ko an nuna su kafin a buƙace su.

Takardar ta iso bayan awa 30. Mataimakiyar ce ta yi kisan. Ta daɗe tana sace tsofaffin littattafai masu tsada tana sayarwa, tana ajiye na jabu a gurbinsu, shugaban ya gano, ta buge shi da ƙarfen tare littattafai bayan an rufe ɗakin karatu ƙarfe tara. Jini ya fantsama a laimar ɗalibin da ya manta a jikin teburin, sai ta wanke ta a banɗakin ma'aikata, ta buɗe ta ta rufe fuskarta da ita ta fita ta ƙofar baya. Maigadin bai yi kuskure a kan komai ba game da laimar: ƙarfe tara da rabi ne, laimar ɗalibin ce, kuma a jiƙe take. Nasarar da mai wasa ya yi murna da ita a rana ta farko ita ce kuskuren da zai zo ya warware da kansa a rana ta uku.

Mako na huɗu: bugawa ta biyu

Takardar ta lissafa alamu takwas. Muka sake buga wasan daga farko, kowa da jerin a gabansa, muna neman kowace alama a inda aka ce tana.

Shida suna nan daram. Ruwan da mai shara ta tarar a banɗaki yana nan, kuma dukanmu mun ji ƙorafinta a bugawar farko amma babu wanda ya haɗa shi da laimar. Wata alamar ta fi wannan ɓoyuwa. Idan mai wasa ya duba littafin da aka samu a ƙarƙashin hannun mamacin, yarinyar da ke taimaka wa lauya tana kai shi hanci ta ce abin mamaki ne littafin da ya haura shekara ɗari yana warin sabon gam. Lauyan yana ce mata ta daina shinshinar hujja, zance ya wuce. Mu uku mun ɗauke shi raha ce kawai, babu wanda ya sa shi a jerinsa, alhali shi ne shaidar cewa littafin jabu ne, kuma daga nan dalilin kisan ya taso. Irin wannan ɓoyewa a fili ita ce abin da ake nema a wannan fanni, kuma babu wani wasa cikin biyar da suka kammala da ya yi ta da kyau haka.

Alama ta bakwai rabi aka shimfiɗa ta. A katin aro da ke cikin littafin akwai hatimin kwanan wata, kuma hoton yana nuna kwanan washegari ne ba na ranar kisan ba. Takardar ta ce al'adar wurin ita ce duk wanda ya rufe teburi ƙarfe tara shi ne yake juya hatimin zuwa gobe, don haka an buga katin bayan tara. Kwanan watan yana bayyane a hoton, amma babu inda wani ya faɗi wannan al'adar a cikin awa huɗun.

Alama ta takwas babu ita ko kaɗan, kuma ita ce ginshiƙin tuhumar. Hatimin yana cikin aljihun teburi mai makulli, makullan biyu ne, ɗaya a hannun shugaban ɗaya a hannun mataimakiyar. Takardar ta ce makullin shugaban ya karye, yana wurin mai gyara tun kwana biyu kafin kisan, saboda haka ita kaɗai ce za ta iya buɗe aljihun. Mun bi kowane ɗaki, mun matsa kowace jimla, ba mu ga an ambaci karyewar makullin ba. In babu wannan, mamacin da kansa zai iya zama wanda ya buga hatimin, kuma babu abin da ya dawo da mataimakiyar cikin ginin bayan ƙarfe takwas. Binciken rana ta biyu ya riga ya wuce, kuma tsarin marubucin ya nuna a zaman kotu na biyu, wanda ake tsakiyarsa, zai fara tsare ta da batun hatimin.

Hukunci da abin da ya biyo baya

Muka tsayar da ma'auni kamar haka. Daga maki 40 na ƙulli da warwara mun ware 8 na arangamar ƙarshe, wato wurin da lauya zai tsare mai laifi ya karya shi a gaban alƙali, muka ce wasan ba zai samu ko ɗaya daga ciki ba, domin takarda tana iya faɗin abin da zai faru amma ba za ta nuna ko an iya rubuta shi ba. Daga 32 da suka rage an cire 3 saboda makullin da al'adar hatimi, ya samu 29. A tsarin tambayoyin kotu ya samu 23 cikin 30, kuma hujjar da aka ƙi karɓa alhali daidai ce ita ta fi jawo masa asara, domin laifi ne da ke koya wa mai wasa ya daina tunani ya koma gwada hujjoji ɗaya bayan ɗaya. Rubutu ya samu 17 cikin 20, tsabtar aiki 6 cikin 10. Jimla 75. Makin alƙalai uku a wannan karon ya tsaya tsakanin 72 da 78. Wasan ya zo na uku, bayan wasu kammalallu biyu da suka ci 84 da 79.

A ganina hanyar ta yi aiki ne saboda ta raba abubuwa biyu da muka cakuɗa a mako na biyu, wato abin da marubucin ya riga ya yi da abin da ya yi alkawarin yi. Takardar ba ta ci maki ko ɗaya da kanta ba. Amfaninta shi ne ta zama fitilar da muka haska aikin da ke hannunmu, ta nuna mana gwanintar da muka tsallake, kamar warin gam, ta kuma nuna ramin da da ba za mu taɓa gani ba, wato makullin. Tana da rauni guda da ya kamata a faɗa: ta dogara ga gaskiyar marubucin cewa warwarar da ya aiko ita ce ya ƙulla tun farko. A wannan lamarin alamu shida da suka dace da ita sun gamsar da mu, domin ba a ƙirƙirar irin wannan dacewa cikin awa 30. Ina kuma ganin matsayi na uku daidai ne, duk da cewa ƙullinsa ya fi na wanda ya zo na ɗaya zurfi, domin wancan ya kai mai wasa har gaban hukunci, wannan kuwa ya bar shi a tsaye a tsakiyar kotu.

Marubucin ya amsa bayan kwana uku. Ya yarda da batun makullin, ya ce ya rubuta wurin a takardunsa amma ya manta bai saka shi a wasan ba. Bai yarda da cire maki 8 ɗin ba, yana ganin 5 sun isa, kuma ba mu sauya ba. Bayan wata ɗaya ya fitar da gyara: wasan yanzu yana karɓar rajistar makullai da hoton duka, jimlar mai shara ta daina komawa baya, ɗalibin yana bayyana al'adar juya hatimi idan an ziyarce shi a tsare, kuma an ƙara rasiɗin mai gyaran makulli a aljihun rigar mamacin. Masu shirya gasar sun sa sharaɗin takardar warwara ta shafi biyu a ƙa'idojin zagaye na gaba, za a miƙa ta tare da duk wasan da bai kammala ba. Har zuwa lokacin wannan rubutu, rana ta uku ta shari'ar ba ta fito ba.